Tayil ɗin da ya tashi da azumi: nazarin ƙasan wani gida a Kano

Gidan na yayana ne, a wajen Ɗanbare, bayan sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Fili ne mai ƙafa 50 da 75, tsohuwar gona, gefensa na arewa ya ɗan yi kwari. An fitar da falo ɗaya ƙafa 16 da 20, ɗakunan kwana uku kowanne 12 da 12, kicin, banɗaki uku, doguwar baranda da tsakar gida. Masu zama a ciki su bakwai ne: shi da matarsa, yara huɗu, ƙaraminsu yana rarrafe a lokacin, sai mahaifiyarmu Hajiya, wadda ta haura 70 kuma gwiwa ta fara damunta. Ni na riƙe littafin kuɗin ginin tun daga haƙar tushe, saboda haka abin da zan faɗa a idona aka yi shi. Kuskuren ma da hannuna a ciki.

Zuwa ƙaramar Sallar 2023 an gama rufi da filasta, an sa ƙofofi da tagogi. Saura ƙasa da fenti. Niyyar Yaya a sarara har bayan damina, ginin ya sha iska. Sai ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, tsakiyar Yuni kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 700. A kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa, kuɗin da aka faɗa maka da safe ba shi za ka tarar da la'asar ba, balle kayan da ake shigowa da su daga waje. Ga hayar gidan da suke ciki za ta ƙare a Oktoba. Daga nan komai ya koma sauri-sauri.

Abin da aka baje a faifai

Wani dare bayan isha'i muka zauna a tsohon gidan, aka yi ta kawo shawara.

Daɓen siminti shi ne mafi araha, kuma shi aka fara yarwa. Matar Yaya ta ce ba za ta tare a shago ba. Tana da hujja: yawancin daɓen da muke gani an yi masa rowar siminti, sai ya riƙa ɓarɓashi yana tsagewa tun bai shekara ba. Amma wanda aka kwaɓa siminti ɗaya yashi uku, aka kuma yi mako guda ana ba shi ruwa, yana iya ganin jikoki. Katakon nan na zamani da ake jerawa kamar allo ko minti biyar bai samu ba, da aka ambaci gara da ruwan mofa aka wuce. Leda da kafet kuwa ba ƙasa ba ne, sutura ce ake sa wa ƙasa, duk abin da ke ƙarƙashinsu yana nan.

Ni tarazo na kawo. Duk wanda ya shiga tsofaffin makarantu da asibitocin gwamnati na shekarun 1970 ya san shi: ƙananan duwatsu ake kwaɓawa da siminti a zuba, a raba shi gida-gida da siraran layuka don kada ya tsage, idan ya kama a bi shi da injin gogewa sau biyu ko uku har ya yi sumul. Ba ya tashi, ba shi da ramukan da datti zai maƙale, idan ya dushe a sake goge shi ya dawo sabo. Matsalarsa masu iya shi sun yi ƙaranci, aikin yana cin makonni, kuma injin wuta yake so. A wajen da babu wutar kirki sai janareta, ga litar mai ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500. Yaya ya kashe maganar da cewa, "Kai dai so kake gidana ya koma asibiti."

Hajiya tana gefe a kan dardumarta tana jan carbi. Can ta ce, a garinsu da za a kai ta ɗaki, matan unguwa ne suka taru da madaɓai. Aka baza marmara, ana yayyafa ruwa ana bugu ana waƙa, tun hantsi har rana ta karkata. Sannan aka yi kwanaki ana zuba ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, har ƙasan ya yi baƙi-baƙi ja-ja yana ɗaukar ido. Ta ce da hunturu ba ya sanyi, da bazara ba ya zafi, kuma ba ta taɓa jin ya kayar da kowa ba. Muka yi dariya, yara suna tambayar mene ne madaɓi.

Sai daga baya na gane ba labarin da take ba mu ba. Ce mana take yi ita a ƙasa take rayuwa. A ƙasa take salla, a ƙasa take cin tuwo, a ƙasa take kishingiɗa da rana, gado sai dare. Yaran ma haka. A daren nan babu wanda ya tambayi wa zai taka wane ɗaki, da wace ƙafa, jiƙaƙƙiya ko busasshiya. Tambayar da aka yi ita ce wanne ya fi kyau, kuma nawa ne. Aka tsaya a kan tayil.

A shago

Tayil iri biyu ne a kasuwa, ko da yake mai shago zai nuna maka kala ɗari. Akwai na yumɓu da aka shafa wa fuska, wanda bayansa ke shan ruwa, shi ya sa ake jiƙa shi a baho kafin a sa. Akwai kuma fosilin, wanda ake gasawa a wuta mai tsanani, wajen digiri 1,200, har ya zama ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Gane su ba wuya: kifa shi ka ɗiga ruwa a bayansa, na farko zai shanye, na biyu ruwan zai tsaya yana kallonka. Ana yin tayil a nan gida, akwai masana'antu a Ajaokuta ta jihar Kogi da kuma jihar Ogun, ana kuma shigo da na Sin da Indiya da Sifen da Italiya.

A jikin katan ɗin kirki akwai rubuce-rubucen da suka fi kalar muhimmanci. Akwai lambar gashi, domin tayil iri ɗaya da aka gasa a lokuta daban-daban launinsa kan ɗan saɓa. Wasu suna da lambar juriyar taku, daga 1 zuwa 5. Wasu suna da lambar santsi, R9 zuwa R13, yadda lambar ta hau haka yake riƙe ƙafa. Ko ɗaya ba mu karanta ba. Yaron shago ya jingina wani baƙin fosilin 60 da 60 mai jijiyoyin ruwan zinare a bakin ƙofa inda rana ke dukansa, ya goge shi da hannun rigarsa, Yaya ya ga fuskarsa a ciki. Shi ke nan, ciniki ya faɗa.

Mai shagon ya ce idan iri ɗaya za a ɗauka na gidan duka zai yi ragi mai kyau. Aka ce a sa shi ko'ina, har banɗaki da kicin. Katan ɗaya na 60 da 60 guda huɗu ne, yana rufe murabba'in mita 1.44. Falo kusan murabba'in mita 30 ne, katan 21 ke nan. Gidan duka ya kama 103 da ɗoriya, na buga lissafi ya ba ni katan 72. Ƙa'ida ita ce a ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa da ajiyar gaba, wato a sayi wajen 80. Ni na ce a bar shi 72 cif, mu ga abin da zai rage. Babu abin da ya rage. Aka nemi ƙarin katan biyar ana tsakiyar aiki, aka samo a farashin da ya ƙaru, kuma baƙinsa bai kai na farko ba. Aka tura shi ɗakin yara inda ba za a lura ba.

Ranar sawa

A watan Agusta aka yi aikin, ruwa yana tsakiyar zuba. Kankaren ƙasan falon bai daidaita ba, wani gefen ya yi ƙasa da kusan inci uku, sai aka cike shi da kwaɓin siminti da yashi mai kauri. Kwana uku tsakani aka fara ɗora tayil. Siminti kuwa sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, kuma yana bushewa yana ɗan tsukewa, abin da ido ba ya gani.

Dole in yi wa mai tayil ɗin adalci. Ya ce wa Yaya, "Alhaji, wannan fosilin ne, gam yake so, ruwan siminti ba ya kama shi sosai." Muka tambayi kuɗin buhun gam, muka ninka da yawan da ya ce, muka dubi juna. Na ce masa ai duk gidajen unguwar nan da siminti aka sa. Ya ce to. Da ya fito da 'yan robobin nan masu kamar gicciye da ake sawa tsakanin tayil don barin tazara, Yaya ya ce a'a, shi so yake falon ya zama kamar madubi guda, kada a ga layi. Ya sake cewa to. Aka manna su baki da baki, aka kai su har jikin bango suka tokare, aka rufe da sikatin, wato siririn layin da ake zagaye gindin bango da shi. Laifinsa ɗaya, bai yi mana gardama ba. Mai neman na cefane ba ya jayayya da mai gida sau biyu.

Ranar da aka wanke falon kowa ya ce masha Allah. Gaskiya ya yi kyau. Mako biyu bayan haka 'yan'uwan matar Yaya suka zo jere, suka shimfiɗa wani ƙaton kafet da ya cinye falon in ban da taku biyu a kowane gefe, kujeru suka rufe sauran. Madubin da aka hana wa tazara sai a bakin ƙofa ake ganinsa.

Hunturu, bazara, damina

Kowane yanayi ya zo da nasa.

Hunturu ya fara da abin dariya. Baƙin tayil mai sheƙi ba ya ɓoye ƙura ko ƙanƙani. A goge da safe, kafin azahar sawun kowane yaro ya fito a baranda kamar an zana. Aka koma mofa sau uku a rana, wato sau uku a rana ƙasan gidan yana jiƙe. Ga sanyi. Ƙaramin yaron da ke rarrafe sai da aka riƙa sa masa wando biyu, ɗakin yara ma aka sayo masa kafet.

Wata asuba a Janairun 2024 Hajiya ta yi alwala ta fito, ƙafarta ta dama ta taka bakin ƙofar banɗaki, ta tafi. Ta tokare da hannu. Hoton ƙashi ya nuna tsagewa a wuyan hannun, aka yi mako shida da filasta. Da na shiga banɗakin da rana na zuba buta ɗaya a ƙasa, sai ruwan ya bazu ya tsaya, bai nufi rariya ba. Babban tayil ba ya lanƙwasa, a ɗan ƙaramin wuri ba a iya fitar masa da gangara ta kowane gefe sai an yayyanka shi, mai aikin kuma bai yanka ba. Ga fuska kamar gilashi, ga ruwa kwance, ga sabulu. Abin mamakin shi ne da aka kai wata uku kafin wani ya faɗi. Hajiya ba ta ce komai ba. Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta ɗora masa laifi. Cewa kawai ta yi, "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Daga ranar ta koma yin alwala a tsakar gida a kan ƙasa, cikin sanyin nan.

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, ya faɗa cikin zafin da ke haura digiri 40. Falon yana da ƙofar gilashi mai kallon yamma, daga la'asar rana takan kwanta a kan baƙin tayil ɗin bakin ƙofar har ba ya takuwa da ƙafa ba takalmi. A goman ƙarshe, ana shirin buɗa-baki, aka ji ƙara kamar an harba bindiga a cikin gida, sai wata, sai wata. Matar Yaya ta kwashi yara ta yi waje. Da aka ɗaga kafet, layi guda ya tashi tun daga ƙofa har tsakiyar falo, tayil biyu-biyu sun jingina da juna kamar rufin bukka. Guda tara, huɗu sun fashe.

Na ɗauki ɗaya na juya bayansa. Fes, kamar yanzu aka fito da shi daga katan. Simintin yana ƙasa da zanen bayan tayil ɗin a jikinsa, amma bai taɓa riƙe shi ba.

Wani abokin Yaya injiniyan gini ya zo bayan Salla. Bai zo da na'ura ba, makullin motarsa ya ciro ya durƙusa yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya-ɗaya. Wanda ya kama yana amsawa da ƙaramar murya mai tauri, wanda bai kama ba yana amsawa kamar ganga. Yana yi ina bin sa da alli. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na falon ya sha alli. Bayaninsa gajere ne. Kwaɓin da ke ƙasa ya tsuke yayin da yake bushewa, tayil ɗin da ke sama ya buɗe da zafi. A faɗin mita shida buɗewar ba ta fi milimita ɗaya ba, tsukewar ƙasan ta ɗan fi haka. To amma ba a bar ko tsinin allura tsakaninsu ba, bango ya tokare ta kowane gefe, gam babu. Abin da ba shi da hanyar gaba ko baya, sama zai yi.

Damina ta kawo na uku, kuma shi ne ya fi tsufa. Ɗakin Hajiya ne a gefen arewa mai kwari. A Agusta dardumarta ta fara warin laima, fentin da ke saman sikatin ya kumbura, wani farin gishiri ya fito a layi. Na koma littafina na shekarar da aka zuba kankaren ƙasa. Na ga ledar da ake shimfiɗawa kafin zubi don tare danshi naɗi biyu na saya. Na kira birkilan, ya ce ai ta ƙare kafin a zo ɗakin baya, ga kwaɓi an riga an yi, sai suka zuba haka. Fosilin ba ya barin ruwa ya ratsa shi, saboda haka danshin da ya taso ya rasa mafita sai ya bi bango.

Gyara

An jira ruwa ya ɗauke, aka fara a Nuwamba. Wannan karon ɗaki-ɗaki aka bi, kuma kafin a sayi komai sai da aka kai samfuri gida, aka jiƙa shi aka shafa sabulu, matar Yaya ta taka da ƙafa ba takalmi.

Banɗakunan uku an fasa su duka. Aka sa ƙaramin tayil 30 da 30 mai kaushi, marar sheƙi, aka fitar da gangara wajen santimita ɗaya da rabi a kowace mita zuwa rariya. Na Hajiya aka ƙara masa ƙarfen riƙewa a bango.

Ɗakinta aka fasa har ƙasa, aka shimfiɗa leda mai kauri aka ɗaga bakinta jikin bango, aka zuba sabon kankare, aka bar shi mako huɗu. Ta waje aka yi wa bangon arewa dakali da 'yar kwata mai janye ruwan indararo. Da aka tambaye ta wane tayil take so, ta ce a ƙyale ta da tayil. Aka yi mata daɓen siminti da jar hoda, aka gama shi da katako maimakon cokalin ƙarfe don ya ɗan riƙe ƙafa, aka shimfiɗa tabarma da darduma mai kauri. Makuba ce dai babu.

Falo ya fi ba da wahala, domin irin baƙin nan ya ɓace a kasuwa, wanda aka samu mai kama da shi launinsa daban. Abin da ya cece mu abin kunya ne: tayil ɗin ɗakin Hajiya da na banɗakuna, da yake simintin bai kama su ba, yawancinsu lafiya lau suka ɓanɓaru. Da su aka cike. Aka ɗaga falon duka aka mayar da gam, aka bar tazarar milimita uku tsakani, aka bar kusan santimita ɗaya a jikin bango wadda sikatin ya rufe, bakin ƙofar gilashi aka cike layinsa da roba mai laushi, aka kuma sa labule mai kauri. Layukan da Yaya ya ƙi suna nan yanzu, a ƙarƙashin kafet.

Buhun simintin da muka saya wajen Naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a wasu wurare cikin Fabrairun 2024, ya ɗan sauko daga baya amma bai koma inda yake ba. A littafina kuɗin gyaran ya fi rabin abin da aka kashe a aikin farko, ban da asibiti. Gam ɗin da muka ƙi saya da katan takwas ɗin da na rage da naɗin leda ɗaya, duka ukun a haɗe ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin gyaran ba.

Na daɗe ina cewa da an bi shawarata ta tarazo da ba a ga wannan ba. Rabin gaskiya ne. Ba zai tashi da azumi ba, kuma launinsa mai ɗigo-ɗigo ya fi baƙi haƙuri da ƙurar Kano. Amma tarazon da aka goge ya yi sumul shi ma yana kayar da mutum idan ya jiƙe, kuma babu ruwansa da ledar da ba a shimfiɗa ba. Da Hajiya ta faɗi a kan nawa zaɓin.

Kicin ba a taɓa shi ba, kuɗi sun ƙare. Tayil biyu sun tsage a inda aka taɓa ajiye turmi, an sa wa wajen murhu tabarmar roba saboda mai. Baranda ma tana nan da baƙinta, ana ta mofa. Tsakar gida ce har yau ba a yanke ba: Yaya yana son intalok, matarsa tana son siminti saboda shara da shanya. Hajiya ta ce duk abin da za su yi, a bar mata taku huɗu na ƙasa a gindin darbejiyar da ta dasa, wajen turmi da buta. An kafa bulo huɗu an shata mata.